Gada Ba Ta San Baba Ba

Da Dogo ya danna, allon kwamfutar ya yi ɗan jim, sai ga laburaren jami'ar likitanci ya buɗe tangaran. Bai sake rubuta komai ba ya tsallaka na jami'ar noma, shi ma ya buɗe. Na fasaha ya buɗe, na koyarwa ya buɗe. Kodi ba ta san lokacin da ta hau kujera ba. Babbar mace, uwar 'ya'ya, ga takalmi mai tsini, amma ga ta tsaye a kan kujera mai taya tana ihu tana kaɗa gyale.

"Don Allah sauko, Kodi," in ji Lauya. "Ana gobe buɗe aiki za ki karye mana?"

"Bar ni in karye! Dogo, sake dannawa in gani!"

Dogo ya sake. Suka sake buɗewa. Anjima, wanda duk duniya babu abin da ke tayar da shi daga zaune, ya miƙe ya rungumi firinta.

Wanda bai san wahalar ba zai ce mene ne abin hawa kujera, to bari a gaya masa. Jami'o'i biyar ne suka ce za su haɗa kai, ta yadda ɗalibi ko malami zai riƙe sunan shiga ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ya shiga laburaren kowacce ta intanet. Faɗa da baki kamar shan ruwa. Aka ɗauko mai hawa kujerar nan daga sashen kwamfuta na babbar jami'ar cikinsu aka ce ita ce kodineta, wato jagorar aikin, tun daga ranar kuwa sunanta na yanka ya ɓace, ta koma Kodi. Jami'ar fasaha ta turo Dogo, ta noma ta turo Anjima, wanda ya samo sunansa daga amsar da yake ba kowace tambaya, ta likitanci kuma ta turo Lauya, wanda ko ƙofar ajin shari'a bai taɓa leƙawa ba, kawai dai ya haddace yarjejeniyar haɗakar ne har da waƙafi. Wakiliyar jami'ar koyarwa ta haihu ana tsakiyar aikin, tun daga nan sai dai saƙon murya, da kukan jariri a baya.

Shekaru suka yi ana fafatawa. An yi faɗa a kan akwati nawa za a ware wa sunan mutum a shafin rajista. An yi gaba ta wata guda cur a kan tambarin wace jami'a zai zauna a saman shafin shiga, sai da Dogo ya rubuta 'yar manhaja mai cakuɗa tamburan duk lokacin da aka buɗe shafin, sannan manya suka ci gaba da gaisawa. A ƙarshe dai suka gina manhajar da ke tsakiya, suka sa mata suna Gada. Ita Gada ba ta ajiye kowa a cikinta, tambaya kawai take yi. Ka zo shiga laburaren wata jami'a, sai ta waiwaya ta tambayi jami'arku, "Kun san wannan?" In an ce eh ka wuce, in an ce a'a ka tsaya a waje. Kuma gobe da tsakar rana, a gaban shugabannin jami'o'in, za a rufe duk tsofaffin asusan da kowane laburare ya rarraba wa mutane ta bayan fage. A kan wannan doka babu wanda ya kai Kodi kafewa, don har tebur ta taɓa buga wa wani shugaban laburare a kanta.

Daɗi ya ishe ta, sai da ta nemi wanda za ta yi wa burga. Ta fita baranda, kusa da ɗakin sabobi, wato manyan kwamfutocin ajiya, inda sanyin na'ura ke fitowa ta ƙasan ƙofa, ta kira mahaifinta.

"Baba, ina kwana? Ta yi! Wallahi ta yi!"

"Auta, wannan murya kamar wadda aka yi wa kyautar mota? Wace ce ta yi?"

"Gada, Baba! Ƙofa biyar, makulli ɗaya!"

"Madalla. Allah ya yi albarka. Ni ma ina nan ina fama da babin ƙarshe. Jiya na tono wata tsohuwar mujalla a laburaren 'yan noma, kin san wani bawan Allah ya riga ni ganin ƙwaron nan mai jan baki? Na ji haushi, amma na ji daɗi."

Kodi ta daina tsalle. "Laburaren 'yan noma? Baba, da wane asusu kake shiga?"

"Wanda suka ba ni lokacin da nake zuwa duba musu jarrabawa mana. Allah ya yi wa yaron da ya manta bai rufe shi ba albarka, kullum sai na yi masa addu'a."

Baba farfesa ne na ilimin ƙwari, ya koyar a babbar jami'ar tun kafin a haife ta har ya yi ritaya. Tun da gwiwoyinsa suka ƙi, Mama kuma ta rasu, duniyarsa ta dawo tebur ɗaya a bakin taga, da tsohuwar kwamfuta, da littafin da yake rubutawa a kan ƙwarin da ke cin hatsi a ma'ajiya. Wannan littafin ne ke tayar da shi da safe, shi ke sa shi aski da shan magani a kan lokaci. Gobe da tsakar rana 'yarsa ta cikinsa za ta rufe masa ƙofa, a gaban jama'a, ana tafa mata.

"Auta? Kin yi shiru."

"Layin ne, Baba. Zan kira ka."

Ta koma ofis ta tarar ana rabon biskit, Dogo na kwaikwayon tafiyar shugaban jami'arsu. Ta rufe ƙofa ta jingina da ita ta zayyana musu komai.

"Ai da sauƙi," in ji Anjima da biskit a baki. "Gada ta tambayi jami'arku, jami'arku ta ce nata ne, shi ke nan."

"A matsayin wa?" in ji Lauya, fuskarsa ta fara sauyawa. "Sashe na huɗu. Mutane iri huɗu ne: ɗalibi, malami, ma'aikaci, baƙo mai ziyarar aiki. Babu mai ritaya."

Suka kalli juna. Zama nawa aka yi a kan kalmar baƙo kaɗai, har da shayi da hawan jini, amma a cikinsu babu wanda ya taɓa tuna cewa mutum yana tsufa ya bar aiki bai bar karatu ba. Dukansu kuwa babu mai furfura in ban da Lauya, shi ma tasa ta fitina ce.

Dogo ya tafa hannu. "Na gano! In yi masa rajista a wajenmu, ɗalibin shekarar farko, sashen walda. Wa zai duba?"

"Babana? Walda?"

"To lambu. Anjima, ba kwa neman mai ban ruwa?"

Kodi ta jefe shi da murfin biro, ta juya. "Anjima, ɗan'uwana, abokina. Asusun a wajenku yake. Ka yi abin da ka fi kowa iyawa. Ka manta. Ka bari sai anjima."

Anjima ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin suka lura cewa tun safe yake wani ɗaga kafaɗa. "Kodi," ya ce a hankali, "na riga na yi. Tun makon jiya na aika wa kamfanin da ke riƙe mana laburaren umarnin rufe asusan, sun sa hannu, sun saita lokaci. Ke kika kunyata ni a taro kika ce kullum ni ne na ƙarshe. Na so in ba ki mamaki."

"Kai! Duk tsawon shekarun nan, sai yau za ka yi abu a kan lokaci?"

Dogo ya fashe da dariya har ya zame daga kujera. Kodi ta so ta yi kuka, sai dariyar ta kama ta ita ma, ta riƙe ciki tana cewa, "Wayyo Allah, babana," hawaye na zuba, ba ta san na wanne ba ne.

Lauya ne ya dawo da su hayyacinsu. Ya ce hanya ɗaya ce, a ƙara nau'i na biyar, mai ritaya. Rubuta shi a cikin Gada ba zai ɗauki Dogo wuni ba. Amma ƙa'idar haɗakar ita ce babu abin da ake sauyawa sai magatakardan jami'o'in biyar duk sun ce eh a rubuce, wanda ya yi shiru kuma a'a ya ce. Ita ma wannan ƙa'ida Kodi ce ta kawo ta. A da, samun eh biyar yakan ci zango guda na karatu.

"Dogo, hau rubutu," ta ce, tana cire takalmanta ta jefa ƙarƙashin tebur. "Anjima, ka jera mini wayoyi. Lauya, ka tsaya kusa da ni, in na fara ƙarya ka taka ni."

Ta fara da magatakardan jami'ar fasaha. Ta yi masa bayani mai kyau, mai tsari, da hujjoji. Ya saurara har ƙarshe ya ce zai kafa kwamiti. Tana shirin ajiye wayar sai bakinta ya riga ta.

"Ranka ya daɗe, in ba za ka ji haushi ba, kai yaushe za ka yi ritaya?"

Lauya ya ɗaga ƙafa zai taka ta.

"Baɗi," in ji muryar can. "Wato kina nufin ranar da na miƙa makullin ofis..."

"Ranar Gada za ta ce ba ta san ka ba, ranka ya daɗe. Ko jarida ba za ka karanta ba."

"Turo takardar. Yanzu."

Ofishin ya kaure da ihu. Dogo na bugun allon rubutu da hannu ɗaya yana naushin iska da ɗayan. Daga nan Kodi ta watsar da hujjojinta, ta riƙe tambaya ɗaya tak. Magatakardar jami'ar likitanci ta ce ita yarinya ce, da sauranta, amma ta sa hannu kafin ta gama faɗar haka. Na jami'ar noma yana cikin gonar gwaji, Anjima ya sa wani direban tarakta ya kai masa waya da takarda har cikin kunyoyin gonar. Na jami'ar koyarwa ya kashe wayarsa, sai mai jego ta turo saƙon murya ta ce a bar mata shi, gidansa na kallon nasu. Ba a jima ba ta turo hotonsa a ƙofar gida da silifa yana sa hannu a kan bayan mota, ita kuma tana gefe da jariri a kafaɗa.

Na biyar shi ne nasu, yana hawa na sama a ginin da suke. Kodi ta haura a guje, sai da ta tsaya a gaban sakatariyarsa ta ga babu takalmi a ƙafarta. Magatakardan ya dubi ƙafafun, ya dubi fuskarta.

"Ranka ya daɗe, yaushe za ka yi..."

"An riga an gaya mini tambayar," ya ce. "Abokaina huɗu sun kira ni, kowa na haki. Kawo."

Kafin a tashi daga aiki Dogo ya gama. Mutane sun zama iri biyar. Suka taru a bayansa, Kodi ta karanto masa tsohuwar lambar aikin Baba, wadda ta haddace tun tana yarinya don a jikin makullin motarsa take. Dogo ya rubuta. Gada ta waiwaya ta tambayi babbar jami'a ko ta san wannan. Amsa ta fito a allo da jan rubutu: ba mu san shi ba.

"Ƙarya ne!" Kodi ta yi ihu. "Akwai ɗakin gwaji mai sunansa a ginin kimiyya!"

Dogo ya yi ɗan tone-tone ya ɗago. Ashe sai bayan Baba ya yi ritaya aka fara shigar da ma'aikata cikin kwamfuta, aka fara daga waɗanda ke kan aiki, aka ce tsofaffin za a bi su daga baya. Duk suka juya suka kalli Anjima.

"Ba jami'armu ba ce!" ya ce. "Wannan anjiman naku ne."

Lauya ya gyara murya, abin da yakan yi in zai faɗi sashe. "Na tara. Wanda babu shi a rumbun bayanai, jami'ai biyu na haɗaka za su gan shi ido da ido, da katinsa a hannu, su shaida shi ne. Kuma kada ɗayansu ya zama ɗan'uwansa na jini." Ya kalli Kodi. "Kar ki tambayi wa ya kawo wannan."

"Na sani. Ni ce. Wai ni me ke damuna ne a shekarun nan?"

Washegari da hantsi motar Dogo ta tsaya a ƙofar gidan Baba. Motar ƙarama ce, gwiwoyin Dogo na gogar sitiyari, Lauya na baya ya sha kwat saboda bikin, Kodi kuma ta ci ado har da sabon takalmi. Anjima sun bar shi a zauren taro yana lura da majigi. Tun jiya da yamma Kodi ta zo ta gaya wa Baba gaskiya, ta yi zaton faɗa, amma bai ce komai ba sai "To." Wannan to ɗin ya fi faɗa ciwo.

Suka same shi a bakin taga, ya yi aski, ya sa farar riga, sandarsa a jingine da tebur. Ɗakin na ƙamshin tsofaffin takardu da man zafi. A kan kanta akwai kwalabe jere, kowacce da mataccen ƙwaro a ciki da ɗan rubutu a jiki. Dogo da Lauya suka durƙusa suka gaishe shi.

"Ku ne za ku duba ko ni ne?"

"Ranka ya daɗe, ƙa'ida ce kawai," in ji Lauya, gumi na tsattsafo masa.

"A'a, ku duba da kyau. Ni kaina wani lokacin in na kalli madubi ina shakka."

Ya miƙa tsohon katin aikinsa. A hoton wani saurayi ne mai sumar da ta cika katin, da faffaɗan abin wuya. Lauya ya dubi hoton, ya dubi sanƙon Baba, ya sake duban hoton. Kodi ta ga alamar bala'i, mutumin nan da gaske yake dubawa.

"Lauya," ta ce ta cikin haƙora.

"Kodi, ba ki da baki a nan, ke 'yar'uwa ce ta jini. Ranka ya daɗe, in ba damuwa, ɗan juya gefe."

Baba ya juya. Kafaɗunsa na rawa, yana danne dariya.

"Kunnuwan ne," in ji Dogo. "Wallahi kunnuwan ba su sauya ba. Na shaida."

"Kai yaro, za ka yi nisa a ilimin ƙwari. Mu ma ta irin nan muke gane su."

Lauya ya ce shi ma ya shaida, bisa hujjar kunne da hanci. Suka dangwala yatsu a kan 'yar na'urar tantancewa da suka zo da ita, Dogo ya ɗauki sabon hoto, Baba ya ce a sake don bai shirya ba, aka sake. Sai aka zo zaɓen kalmar sirri. Baba ya rubuta sunan wani ƙwaro mai tsawo kamar layin dogo, Gada ta ce sai an sa lamba. Ya sa, ta ce sai an sa alama. Ya ce wannan manhaja tarbiyyar wa ta ɗauko, duk suka nuna Kodi.

Lokaci ya matso. Dogo da Lauya suka yi sallama suka ruga zauren taro, don su ne za su tsaya a bayan shugabanni in an danna. Kodi ta ce su je, tana bayansu, jawabinta sai can bayan an buɗe, ba za ta motsa ba sai ta ga Baba ya shiga da idonta. Ta ajiye wayarta a kan tebur suna kallon bikin kai tsaye. Ga shugabanni biyar sun jeru, an sa musu wani ƙaton maɓalli ja wanda ba a haɗa shi da komai ba, Dogo na ɓoye a baya da kwamfuta a cinya. Suka ɗora hannuwa a tare suka danna, zaure ya ɗauki tafi.

"Gwada tsohon, Baba."

Ya gwada. An rufe wannan asusu, in ji allon.

"Yanzu sabon."

Ya rubuta a hankali da yatsa ɗaya, yana leƙe ta saman tabarau. Tamburan nan biyar suka cakuɗa suka tsaya. Gada ta tambayi babbar jami'a ko ta san wannan. Allon ya yi ɗan jim, sai ga laburaren jami'ar noma, da sunan Baba a sama, cikakke, har da Farfesa.

Kodi ta yi tsalle har kwalaben kan kanta suka yi ƙara. Ta kama hannun Baba ta ɗaga sama kamar wanda ya ci dambe, ta sumbaci sanƙon, abin da ba ta yi ba tun tana firamare. "Ba na noma kaɗai ba, Baba! Biyar! Har na likitoci, ka je ka karanta abin da ke damun gwiwarka!" Baba na dariya yana cewa ta sake shi kafin ta ɓalla masa kafaɗa. Wayarta ta fara ruri, Lauya ne, an kusa kiran sunanta. Ta suri jaka ta gyara gyale, tana rera wata waƙa da ba ta da kai, har ta kai bakin ƙofa.

"Auta."

Muryar ce ta tsayar da ita. Ta juyo. Ya matso da fuskarsa dab da allon.

"Ƙofar ta buɗe. Amma ina kayana?"

"Wane kaya, Baba?"

"A nan gefen. Akwai wurin da nake ajiye duk abin da na karanta. Ina shafa wa layi launi, ina rubuta abin da na gani a gefe. Duk madogaran littafin suna nan, tun daga babi na ɗaya." Ya nuna da yatsa. Wurin fari fat, da ɗan rubutu a tsakiya mai cewa barka da zuwa, ba ka ajiye komai ba tukuna.

Jakar ta zame daga kafaɗarta. Ta kira Anjima, ya ɗauka cikin hayaniyar zaure, muryarsa cike da murna.

"Kodi, kina ina? Ana nemanki!"

"Anjima, abin da mutane suka ajiye a cikin tsofaffin asusan. Yana ina?"

Hayaniyar ta ja baya, da alama ya fita waje. "Kamfanin sun tambaye ni, a rufe kawai ko a share har abin da ke ciki. Na duba abin da muka rubuta a taro. Kin ce a share tas, kada a bar ko ɓurɓushi."

"Ba su da kwafi?"

"Na sa su sun tabbatar mini a rubuce cewa babu. Kodi... na zaci abin da kike so ke nan."

Abin da take so ke nan kuwa. Ta tuna ranar, ta tuna har yadda ta buga tebur. Shekaru suna zaune su biyar suna tunanin wa zai shiga, wa zai tsaya a waje, ko sau ɗaya babu wanda ya tambayi abin da mutum ya bari a ciki. A idon laburaren, Baban da ya shigo ta Gada sabon mutum ne da aka haifa yau da tsakar rana. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Baba, ni ce. Ni na ce a share. Ka yafe mini."

Bai kalle ta ba. Ya daɗe yana duban farin wurin nan, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Da yawa daga ciki zan tuna," ya ce. "Ba duka ba. Kaina ba kamar da ba ne." Ya dubi wata kujera da ke jingine da bango. "Da uwarki na nan, da ita zan riƙa faɗa wa tana nemowa. Ta fi ni saurin yatsa."

Wayar ta sake ɗaukar ruri a kan tebur. A ɗan allon ana nuna zauren, mai gabatarwa na kiran kodineta a karo na biyu, mutane na waige-waige, Lauya na tsaye a gefen dandamali yana share gumi. Kodi ta kalli wayar, ta kife ta, ta danne maɓallin gefe har ta mutu. Ta jawo ɗayar kujerar, wadda ke jingine da bango da tarin mujallu a kai, ta sauke su ƙasa, ta zauna, ta jawo allon rubutun gabanta.

"Ana kiranki, Auta."

"Lauya ya haddace jawabin. Faɗi, Baba. Daga ina za mu fara?"

Ya rufe ido, ya jingina kansa da kujera. Leɓunansa suka motsa ba sauti, sannan ya ce, "Akwai wani mutum da ya yi rubutu a kan ƙwaron wake. Sunansa ya ɓace mini. Amma na san mujallar koriya ce."

Ta rubuta ƙwaron wake. Sakamako ya zubo, shafi bayan shafi, babu iyaka. Ta buɗe na farko ta fara karanta masa.